Takardar da malamar Bayoloji ta aiko wa iyayen 'yan SS1, don Allah a yi min bayani

Baban Ɗaliba:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Malamai da iyayen da suka riga mu shiga wannan harka ina neman ƙarin haske. Yarinyata ta shiga SS1 ajin kimiyya, burinta tun tana ƙarama aikin asibiti, to jiya ta dawo da takarda daga malamar Bayoloji wai kowane ɗalibi ya zo da littafi biyu, ɗaya na darasi ɗaya marar layi na zane, da fensir HB, da rula, da reza, da ɗan gilashin hannu mai ƙara girman abu, a ƙasa kuma an rubuta za a riƙa aikensu su kawo ganye da ƙwari da ƙashi, kuma duk wanda bai zo furaktikal ba ya rasa makinsa. Ni ɗan kasuwa ne ban yi kimiyya ba, na ɗauka karatu ne da hadda kamar sauran darussa, to ina ruwan reza da ƙwari kuma? Me za su karanta a shekara ukun nan, kuma ni a gida me zan iya yi mata?

Malama Mai Alli:
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya yi wa yarinya albarka ya cika mata burinta. Na daɗe ina koyar da darasin nan, kuma wallahi da na karanta abin da ka lissafo sai na ji daɗi, malamar nan ta san aikinta.

Bari in fara da jarrabawa tunda can za a je. A WAEC Bayoloji takarda uku ce. Ta farko ta canki-canka, tambaya 50. Ta biyu ta rubutun bayani. Ta uku furaktikal, awa biyu, za a ajiye wa yaro abubuwa a kan tebur, wataƙila kifi, wataƙila fara, ko fure, ko ƙashin bayan akuya, a ce ya duba ya faɗi mene ne, ya zana, ya faɗi yadda surar abin ta dace da aikinsa. Makin furaktikal 80 ne, ya fi na kowacce a cikin ukun. NECO ma tana da nata furaktikal ɗin. To ka ga yaron da bai taɓa riƙe fara a hannunsa ya ƙirga ƙafafunta ba sai ranar jarrabawa, ai an cuce shi. Rezar ta yanka albasa ce da tumatir da fure a ga cikinsu, gilashin kuma don a ga jijiyoyin ganye da bakin ƙwaro.

Darussan kuwa, a yadda muke bi, SS1 ana farawa da me ya bambanta mai rai da marar rai, sai rarraba halittu gida-gida da sunayensu na Latin, masara Zea mays, dawa Sorghum bicolor, gyaɗa Arachis hypogaea. Sai ƙwayar halitta da muke ce wa sel, wadda Robert Hooke ya fara gani a 1665 da ya duba ɓawon wata bishiya a maikiroskof, na'urar da ke nuna ƙananan abubuwan da ido ba ya gani, sai yadda ruwa da abinci ke shiga sel su fita, sai abinci da yadda tsiro ke haɗa nasa da hasken rana, da farkon ilimin muhalli. SS2 ake shiga cikin jiki sosai, ƙashi, narkar da abinci, jini da zuciya, numfashi, ƙoda, tare da na tsirrai a gefe guda don kullum ana kwatanta su. SS3 ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ido da kunne, haihuwa da girma, ilimin gado, bambancin halittu. Makarantu na ɗan saɓawa wajen jerin amma kayan dai su ne.

Abin da muke so daga ɗalibi ba wani abu mai wuya ba ne, ya zo aji, ya rubuta da hannunsa, ya yi zanensa da kansa ba a yi masa ba, kuma ya riƙa tambaya. Mai tambayar ce ta fi yi mana ƙaranci musamman wajen 'yan mata.

Baban Ɗaliba:
Allah ya saka da alheri Malama, yanzu na fara ganewa. Ashe furaktikal ɗin shi ne babba. Gobe in Allah ya kai mu zan sayo kayan.

Mai Lesin:
Malama da girmanki, amma mu faɗa wa Alhaji gaskiyar yadda ƙasar take. Ni yaran da nake koyarwa da yamma ba wanda ya taɓa ganin maikiroskof kuma suna cin jarrabawa. Sirrin abin tambayoyin shekarun baya ne, a sayi na shekara goma, a bi su ɗaya bayan ɗaya, za ka ga abu ɗaya ake juyawa. Yarinya mai son likitanci abin da ke gabanta kiredit biyar ne, Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri, Fiziks, aƙalla C6, sannan JAMB inda za ta amsa tambaya 40 na Bayoloji a kwamfuta ga lokaci na gudu, a can ba wanda zai ba ta fara ta ƙirga ƙafa. Kuma kafin furaktikal ai ana aiko wa makaranta jerin abin da za ta tanada. Ni ban ce kar a yi zane ba, amma kar a ɓata wa yara lokaci da farautar ƙwari a bayan gari alhali manhaja tana da faɗi, sau nawa ake zuwa ƙarshen SS3 ba a gama ta ba.

Ɗan 300 Lebul:
Malam Mai Lesin wannan hanyar da ka faɗa ita na bi, kuma na ci, B3 na samu, amma bari in ba ka labarin abin da ya biyo baya. Makarantar da na yi akwai ɗaki an rubuta lab a ƙofarsa, shekara uku ban ga an buɗe shi ba sai satin jarrabawa. Na haddace sassan sel tsaf, in ka tashe ni daga barci zan jero maka. Da na shiga jami'a ranar farko a lab aka ba mu ɓawon albasa, wannan siririn fatar ta ciki, aka ce mu ɗiga aidin, ruwan maganin nan da ake shafa wa rauni, mu duba, wallahi kusan rabin awa ina juya maikiroskof ban ga komai ba, abin da na zana daga ƙarshe ashe kumfar iska ce ba sel ba. Wata da ta fito daga makarantar da ake yin furaktikal cikin minti biyar ta gama, ita ta gyara min. Shekarar farko na sha wuya ba kaɗan ba, kuma har yau abin yana min ciwo don ba laifina ba ne. Jarrabawa kwana ɗaya ce, amma wadda za ta riƙe allura ta duba jinin mutane ai ba jarrabawa kaɗai take buƙata ba.

Malama Mai Alli:
Ɗana Allah ya yi maka albarka, ka faɗi abin da ke raina. Malam Mai Lesin ban ƙi tambayoyin baya ba, ni ma da su nake aiki, amma daga zango na biyu na SS2 zuwa sama, bayan an gane abin. Jerin da ka ce ana aikowa kuwa na malamin da zai tanadi kayan ne, amana ce, ba na ɗalibai ba ne.

Kuma rashin lab ba ya hana da yawa daga cikin abubuwan nan. Alhaji ka tambayi me za ka yi a gida, to ga shi. A samu dankalin turawa biyu a fere, a ƙwaƙule tsakiyarsu kamar ɗan kofi, ɗaya ɗanye ɗaya a dafa shi. A zuba ruwan sukari mai kauri a ramin kowanne zuwa rabi, a zaunar da su a faranti mai ruwa zalla, a bari awa biyu ko uku. Na ɗanyen ruwan ramin zai ƙaru, na dafaffen ba zai ƙaru ba don zafi ya kashe sel ɗin. Wannan shi ne osmosis, babi guda ke nan a kicin. Shi ne kuma dalilin da in aka barbaɗa gishiri a yankakken kokwamba yake fitar da ruwa, mamanta ta san wannan tun kafin a haife ta.

Aidin na kemis ma ya isa gwajin sitaci, a ɗiga a kan tuwo ko dafaffen rogo zai koma shuɗi mai duhu kamar baƙi, a ɗiga a farin ƙwai ba zai koma ba. Ƙuli ko gyaɗa a murza a farar takarda a ɗaga ta a rana, wurin da mai ya taɓa haske zai riƙa ratsawa.

Babban furaktikal ɗin da Allah ya ba mu kyauta kuwa ranar layya ne. In an feɗe rago kar a kore ta, ta wanke hannu ta zo ta tsaya. A tsaga zuciya ta ga ɗaki huɗu, ta taɓa ta ji bangon ɗakin ƙasa na hagu ya fi na dama kauri, don shi ke tura jini duk jiki, na dama huhu kawai yake kaiwa. Ta ga ƙoda a tsage, ta ga matsarmama manne da hanta, ta ga cikin rago kashi huɗu ne ba ɗaya ba irin namu, shi ya sa yake tuƙa. Duk SS2 ɗin nan yana kwance a kan tabarmar fiɗa.

Malamin Gona:
Malama kin taɓo inda nake so. Ni aikina da manoma ne a ƙauyuka, kuma abin da ke ba ni takaici yaro ɗan manomi zai haddace misalin wata bishiya ta wata ƙasa da bai taɓa gani ba, ga misali a gonar ubansa. Ɗauki ƙuduji, wasu na ce masa wuta-wuta, a littafi Striga. Shi ne cikakken misalin mai rayuwa a jikin wani yana cutar da shi. Irinsa ƙanana ne kamar ƙura, yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10, ba ya tsirowa sai ya ji wani sinadari da saiwar dawa ko gero ko masara ke fitarwa, sai ya manne da saiwar yana tsotse ruwa da abinci, kafin ka ga furensa mai ruwan hoda a sama ya riga ya gama ɓarna a ƙasa. Ko kauci da ke kan bishiya. Ko balbela da ke bin shanu tana cin ƙwarin da suka tayar, ita ta amfana su ba su yi asara ba. Uku ke nan daga babi ɗaya.

A tuge gyaɗa ko wake a duba saiwa, za a ga ƙananan ƙulalai, a cikinsu akwai bakteriya mai suna Rhizobium da ke kamo naitirojin daga iska ta mai da shi abin da tsiro zai ci. Kakanninmu da suke haɗa gero da wake a gona ɗaya ba su san sunan ba amma sun san aikin. Sai gawo, wanda ke zubar da ganye da damina lokacin da kowa ke fitarwa, ya yi kore da rani. Shi ya sa ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne lokacin da ciyawa ta ƙare. In yaro ya gane gawo ya gane rabin ilimin muhalli.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa ga 'yan uwa na Najeriya. Mu nan Nijar darasin SVT muke ce masa, an haɗa ilimin rai da na ƙasa, da Faransanci ake yi, kuma mai son likitanci yawanci seri D yake bi, wato ɓangaren kimiyya, har ya yi BAK, jarrabawar gama sakandare. Matsalarmu ɗaya da taku, yaro yana fama da abu biyu a lokaci guda, harshen da kuma ilimin. Batun gawo da Malam ya kawo, ku zo yankin Damagaram da Maraɗi ku gani, tun wajen shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon da ya fito da kansa a gona suna sassabe shi suna renonsa maimakon su sare, yau gonaki da yawa sun cika da itatuwa. Ni malamin da ya fara fitar da mu aji ya kai mu ƙarƙashin gawo ya yi mana darasi da Hausa sannan ya maimaita da Faransanci, har yau ban manta darasin ba.

Anti Nas:
Ni dai babi ɗaya nake roƙon a koyar da shi da gaske ko da za a bar wasu, ilimin gado. Abin haushi shi ne yana ƙarshen SS3, lokacin da kowa ke gaggawa, sai a yi masa sama-sama. A ce wa yara Mendel ya gwada wake irin na turawa, dogo da gajere, ya buga sakamakonsa a 1866, uku bisa ɗaya, su haddace su wuce. Alhali wannan ɗan akwatin mai gida huɗu da ake zanawa don a ga abin da ɗa zai iya gada daga uwa da uba shi ne rayuwar yaran da nake gani kullum a wurin aiki.

Sikila nake nufi, amosanin jini. Uba AS uwa AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya bisa huɗu ya zo SS, biyu bisa huɗu AS, ɗaya bisa huɗu AA. Ku lura, KOWANE ciki. Mutane da yawa har da waɗanda suka gama sakandare sun ɗauka wai sai ɗa na huɗu ne zai zo da ciwon, don haka za su haifi uku su tsaya. Ba haka ba ne, na fari ma zai iya zuwa da shi, kuma za a iya jera biyu ko uku. Jar ƙwayar jini lafiyayya tana kai kwana 120, ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 ta mutu, ga shi tana lanƙwashewa kamar lauje ta toshe ƙananan hanyoyin jini, shi ne ciwon ƙashin nan da ke sa yaro kuka duk dare. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo. A 2024 Jihar Kano ta yi dokar gwaji kafin aure har da jinotaif a ciki, wato a san mutum AA ne ko AS ko SS, amma takardar gwaji me za ta yi wa wanda bai gane abin da ke rubuce ba? Kuma a bambance musu jinotaif da rukunin jini, kullum sai na tambayi mutum jinotaif ɗinsa ya ce min O.

Sannan a gaya musu kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da gado a cikin sel, 46 ne, 23 daga uwa 23 daga uba, uwa X kawai take bayarwa, uba ne ke ba da X ko Y, in X ya bayar mace ce, in Y namiji. Mata nawa aka ɗora wa laifin haihuwar 'ya'ya mata, har da saki, a kan abin da Allah ne ya tsara kuma ta hanyar uban ma ya biyo.

Uwar Yara Biyar:
Anti Allah ya biya ki, wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, akwai mai ciwon a danginmu mun san wahalarsa. Amma ni inda nake da damuwa babin haihuwa ne. Ɗiyata ta dawo bara ta ƙi cin abinci, da kyar ta faɗa min malami namiji ne ya zana musu a allo, maza na bayan aji suna dariya suna faɗin maganganu, ita da ƙawayenta suka sunkuyar da kai har aka tashi, ba abin da ta fahimta. Ni ban ce a cire ba amma a haka ake so mu yi shiru? Ina kunyar da muka gada?

Malama Mai Alli:
Hajiya kina da gaskiya a kan yadda aka yi, kuskuren malamin ne da ya bar aji ya zama haka. Ni yadda nake yi, na fara da fure, su yanka furen kuɓewa su ga sassansa, sai kifi da kwaɗo da kaza, kafin a zo kan mutum kalmomin sun riga sun zama na karatu a kunnensu. Ranar kuma ina raba su, mata daban maza daban, in ba hali na nemi wata malama ta zauna a ajin. Ina ajiye kwali a saka tambaya a rubuce ba suna. Hajiya da kin ga tambayoyin da 'yan mata ke sakawa da kin yi kuka, yarinya tana al'ada shekara biyu tana zaton ciwo ne ta kasa gaya wa kowa. Ki je wurin shugaban makarantar ke da wasu iyaye ku nemi a raba ajin, haƙƙinku ne. Amma kar ki ce mata ta tsallake babin, yana fitowa a jarrabawa, kuma Nana A'isha ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addininsu ba, tambayoyinsu kuwa da yawa a kan jinin al'ada da wanka ne.

Uwar Yara Biyar:
To Malama zan gwada, akwai taron iyaye ƙarshen wata, zan tayar da maganar. Na gode.

Abu Mai Shago:
Tunda an zo nan bari in yi tawa. Ƙanena ya ce a SS3 an koya musu wai mutum daga biri ya fito. Wannan fa? Mu da muka san Annabi Adamu ne ubanmu. Ni ina ganin irin wannan ya kamata a cire shi daga manhaja gaba ɗaya, ko yaro ya bar tambayar kar ya amsa.

Ɗan 300 Lebul:
Yaya, yadda tambayar ke zuwa shi ne me Lamarck ya ce, me Darwin ya ce a 1859, mene ne bambancinsu. Ba a tambayar me ka yi imani da shi. Kuma Darwin bai ce birin da muke gani ne ya rikiɗe ya zama mutum ba, cewa ya yi asalinsu ɗaya, in malami ya faɗa yadda ƙanenka ya kawo to ko a ilimin ma bai faɗa daidai ba. Ni na amsa tambayar kuma aƙidata tana nan inda take.

Anti Nas:
Kuma akwai sashen babin da muke gani da idonmu. Kulorokwin da muka sha muna yara yanzu an daina ba da shi a matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro, me ya sa? Ƙwayar cutar da maganin ke kashewa ta mutu, 'yan kaɗan masu jurewa suka rage suka hayayyafa, har suka zama su ne da yawa. Haka sauro yake yi da maganin feshi. Shi ya sa muke roƙon mutane su shanye maganin da aka rubuta musu kar su tsaya rabi. Wanda zai yi aikin asibiti dole ya san wannan.

Abu Mai Shago:
Na ƙwayar cuta da sauro na ji kuma na gamsu. Na asalin mutum dai ina nan a kan bakana, kuma zan zaunar da shi in yi masa bayani, in kai shi wurin malaminmu na Islamiyya ma.

Malama Mai Alli:
Hakan ya yi Malam Abu, ka zaunar da shi, ya fi a bar shi da abin a ransa shi kaɗai. Ni ma a aji ina ce musu wannan ra'ayin masana ne ga hujjojin da suka kawo, ku san shi yadda suka faɗa.

Ɗalibar SS2:
Salam. Malama don Allah ni matsalata zane ce, ina ƙoƙari sosai har da inuwa nake sawa ya yi kyau amma kullum malaminmu 3 ko 4 yake ba ni cikin 10, ƙawata da zanenta bai kai nawa kyau ba tana samun 8. Na rasa gane dalili.

Malama Mai Alli:
'Yata inuwar ce ke cinye miki maki. Zanen Bayoloji ba zanen ado ba ne. Fensir mai tsini, layi ɗaya siriri a haɗe ba tare da kin yi ta maimaita shi kamar gashi ba, ba inuwa ba kala. Ki zana abin da ke gabanki ba wanda kika haddace a littafi ba, in farar da aka ba ki ƙafarta ɗaya ta karye kar ki ƙirƙiro mata. In an ce zanen ya zama santimita 8 zuwa 10 ki auna da rula. Layin da ke nuna sassa da rula ake jansa, ya taɓa sashen daidai, ba kan kibiya, kar biyu su gitta juna, sunan kuma a rubuta shi a miƙe. Ki sa kan magana, abin da aka zana da ta wane gefe aka kalle shi. Ki sa ninkin girma, wato tsawon zanenki a raba da tsawon abin na gaske, in zanen santimita 10 ne abin kuma 5, sai ki rubuta x2.

Sai rubutun kalmomi. Harafi ɗaya in ya kuskure a sunan sashe an soke makin, don haka ki ware bayan littafinki, duk sabuwar kalma ki rubuta ta sau uku da ma'anarta da Hausa a gefe. Sunan Latin kuma kalma ta farko da babban harafi ta biyu da ƙarami, ki ja layi ƙarƙashin kowacce daban. Ki sake zana wanda aka ba ki 3 ɗin a haka ki kai masa ki gani.

Ɗalibar SS2:
Na gode sosai Malama, wallahi ba wanda ya taɓa gaya min batun inuwar. Yau da daddare zan sake.

Mai Lesin:
To na ji duka. Na dankalin nan zan gwada wa yarana ranar Asabar tunda ba kuɗi zai ci ba, da na aidin. Amma ina nan kan cewa malaman makaranta su riƙa gama manhaja da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya, yaran da ke zuwa wurina wata biyu kafin WAEC ba a taɓa musu ilimin gado ba ko kaɗan, shi ya sa muke komawa hadda. In da za a dawo da babin farkon SS3 da ya fi, ko Anti ma ai abin da take kuka da shi ke nan.

Baban Ɗaliba:
Jama'a Allah ya saka wa kowa da alheri, na karanta mata duka tana zaune kusa da ni. Ta ce in tambayi Anti ko ita ma za a iya yi mata gwajin jinotaif yanzu ko sai ta girma. Sannan Malama gilashin hannun nan a kantin littattafai ake samu ko a wurin masu kayan asibiti? Gyaɗa kuwa akwai a gonar ƙanena ba a cire ba tukuna, ranar Juma'a bayan masallaci zan kai ta ta tuge da kanta ta ga ƙulalan.

Anti Nas:
Yanzu ma ana yi Alhaji, jini kaɗan za a ɗiba, ka kai ta lab ɗin asibiti mai inganci, ka haɗa da ƙannenta gaba ɗaya, kuma a adana takardar.

Malama Mai Alli:
Manyan kantunan littattafai suna da shi, ka ce mai x10. In ta tugo gyaɗar ta wanke saiwar a hankali kar ƙulalan su zube, ta tsaga ɗaya da rezar, in cikinsa ja-ja ne to yana aiki. Ta zana shi a shafin farko na littafin ta kai wa malamarta ranar Litinin.